Tusar Jaki a Yatsan Inna

Mu Zazzagawa "tusan jaki" muke cewa, Kanawa su yi ta yi mana dariya wai mun kasa raba mace da namiji a magana. Ni malamar Hausa ce a makarantar sakandare, saboda haka a rubuce zan bi ƙa'ida in ce tusar jaki, amma in Inna ta buɗe baki zan bar mata abinta yadda ta faɗa. Ga wanda bai san ta ba, ita ce ɗan tsiron nan mai kaushi da ke fitowa a fata, ba ciwo ba ƙaiƙayi, sai dai muni. Muna yara an ce mana duk wanda jaki ya yi tusa a gabansa ya yi dariya, to ya jira tasa. Ni na yi dariyar ba sau ɗaya ba, ban ga komai ba. Inna kuwa, mahaifiyata, wadda ban taɓa ganin haƙorinta a gaban jaki ba, ita abin ya fito wa, a yatsanta na nuni na hannun dama, daidai inda zare ke bi.

Ɗinkin babbar riga Inna take yi, na hannu, tun kafin a haife ni. A lungunmu na cikin birni haka yawancin matan suke: maza su zana adon aska a jikin shadda, a aiko cikin gida mata su cika da zare. In hantsi ya yi sai maƙwabta su shigo tsakar gidanmu da nasu ɗinkin, a baje tabarma a gindin darbejiya, hannu na aiki baki na aiki. A nan duk wanda ya shigo sai ya ji labarin yatsan Inna. Zaren siliki ba ya son kaushi, da ta ja sai ya maƙale a tsiron ya yi gashi, ita kuwa ta tsani ɗinki mai gashi kamar yadda ta tsani miya ba daddawa. Ta ɗiga wa tsiron nonon tumfafiya. Ta shafa masa toka da kanwa. Ta ɗaure shi da gashin wutsiyar doki har ya yi baƙi ya faɗi, muka yi mata barka, kafin azumi sai ga shi ya dawo da ƙanensa a gefe. Mai gyaran famfo ma da ya shigo gidan sai da aka nuna masa yatsan aka nemi shawararsa.

Ni kaɗai ce ba a nuna wa ba, don ni 'yar fari ce. Inna mutumiyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari hannu bibbiyu. Ba ta kama sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. In na zo daga gidana na Gyallesu na durƙusa na gaishe ta, ƙofar ɗaki take amsa wa. In tana son in ci abinci sai ta ce wa turmi, "Akwai ɗumame a madafi, in da mai so." Sunana a bakinta "wannan", in kuma ranta ya yi fari, "ta Gyallesu". A haka na girma, ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba, ko da yake akwai ranakun da nake ji kamar in ɗauke turmin nan in kai shi maƙwabta, in ga da wa za ta yi magana.

Autarmu ba ruwanta da wannan doka. Ita ke zaune da Inna tun rasuwar mahaifinmu, tana karatun aikin jinya, kuma har yanzu in ta dawo a gajiye kan cinyar Inna take ɗora kai. Ita ce ta same ni a gida wata ranar Asabar, ko hijabi ba ta cire ba ta ce, "Yaya, Inna tana da ƙulli a nono."

Na ajiye ludayin da ke hannuna.

Ta ce tana shafa mata man zafi a kafaɗa ne hannunta ya kai wurin. "Yana da tauri, Yaya, kuma ba ya motsi. Da na matsa mata ta ce tun kafin babbar salla yake nan."

Na ce, "To me ake jira? Asibiti!"

Ta ce, "Ai kin san wa kika haifa, ko in ce wa ya haife ki. Ta ce nonon da ya shayar da mutane ba za a kwance shi a gaban ɗan wani ba. Ta ce kuma in ciwon daji ne, daji ba ya son ƙarfe, da an soka masa allura shi ke nan ya haukace."

Wannan magana ta daji da ƙarfe ba Inna ta ƙirƙiro ta ba, haka muka taso muna ji. Kowane lungu yana da labarin wata da aka kai asibiti ba ta dawo ba, ba kuma mai ƙarawa da cewa sai da abin ya fashe ya yi wari sannan aka kai ta. Na ji tsoro ranar, irin tsoron nan da ke juyewa ya koma fushi. Matar da ke wuni da allura a hannu, ita ce yau ke gudun ƙarfe. Matar da ta nuna wa mai famfo tusar jaki, ita ce ta ɓoye abin da zai iya kai ta kabari.

Washegari na hau keke napep na shiga birni da shirin yaƙi. Sai dai yaƙi da Inna yana da ƙa'idarsa, ba a tunkarar ta gaba da gaba. Na zauna nesa kaɗan da tabarmarta, na ɗaga murya na ce wa Auta, "Wai kin ji wata a makarantarmu da ta ji ƙulli ta je asibiti da wuri? Ga ta nan garau, har ta yi ƙiba."

Auta ta ce, "Na ji, Yaya. Ai zuwa da wuri shi ne rabin magani."

Inna ba ta ɗago daga ɗinkinta ba. Ta dubi kazar da ke tsattsagar tsaki a gefenta ta ce, "Wasu in sun yi boko sai su ɗauka a asibiti Allah ya ajiye kwanan mutum."

Ni ma na dubi kazar na ce, "Ai wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani."

Inna ta kaɗa hannu ta ce, "Ke kaza, tashi ki ba ni wuri, kin cika surutu."

Kazar ba ta motsa ba, ni na tashi. Na koma gida ina huci, na sauke wa maigidana da 'ya'yana fushin da ba su san asalinsa ba. Na sake gwadawa ta bakin randa, na gwada ta bakin igiyar shanya, duk kanwar ja ce.

Ana cikin haka aka fara yi wa 'yan mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa a makarantu da unguwanni, aka kuma tura su Auta su wayar da kan iyaye. Kamar kullum, kafin allurar ta iso, jita-jitarta ta riga ta. Rannan ina gidan Inna, matan lungu suka tsare Auta a gindin darbejiya suka ce ta gaya musu gaskiya tsakaninta da Allah, me ake so a kashe a jikin yaran?

Auta ta gyara zama ta ce, "Ƙwayar cuta ce, sunanta HPV."

Akwai Hajiyar gidan da ke kallon namu, wadda in ta yi raɗa ana jin ta a bakin kasuwa. Ta ce, "Eci-fi-bi? Wannan ai sunan jam'iyya ne."

Aka yi dariya, Auta ta jira aka gama. Ta ce ba guda ɗaya ba ce, dangi ne babba, kowa da halinsa. Wasu daga cikinsu su ke kawo sankarar bakin mahaifa, wannan an tabbatar, shi ya sa ake allurar. Ta ce akwai masanan da ke zargin ko tana da hannu a sankarar nono ma, don wasunsu sun ce sun tarar da ita a cikin ƙullin da aka cire wa mata, wasu kuma sun duba ba su gani ba, magana dai ba ta tsaya ba tukuna. Sannan, don ta kawo musu abin kusa, sai ta ce, "Wasu a dangin kuma ba su da aikin yi sai fito da tusan jaki, irin na yatsan Inna."

Ni shaida ce, bayanin Auta ba inda ya karkace. Amma kunnen tsakar gida kamar rariya yake, gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Abin da ya tsaya ranar kalmomi uku ne: jaki, tusa, nono.

Kafin Juma'a labari ya fita ta Ƙofar Kuyambana ya dawo ta Ƙofar Doka, ya yi ƙiba a hanya. Aka ce likitoci sun gano cewa tusar jaki, ta gaske, wadda ke fita daga jaki, ita ke kawo dajin nono. Aka ce in ta bugi mace a ƙirji shi ke nan. Wata ta ce ita dama tun tuni jikinta ya ba ta, don kakarta ba ta taɓa yarda a ɗaure jaki kusa da mai jego ba.

Wanda ya sha wuyar wannan bincike shi ne wani dattijo daga ƙauye da ke kawo mana itace a kan jakinsa. Lungunmu mota ba ta shiga, keke napep ma a baki yake tsayawa, saboda haka jaki bai rasa aiki a cikinsa ba har yau. Rannan na sauka a bakin lungu na tarar da shi tsaye, itace a ɗaure, jaki ya sunkuyar da kai, ga Hajiya a ƙofar zaurenta ta kare ƙirji da faifai, wasu matan suna leƙe ta bayanta.

Da ya gan ni ya ce, "Yawwa Malama, ke da kika yi karatu, raba ni da mutanen nan. Jakin nan tun yana ƙarami muke shigowa birni tare, bai taɓa yi wa kowa rashin kunya ba. Yau an ce ko in toshe shi ko in canza hanya. Fisabilillahi da me zan toshe shi?"

Hajiya ta ce, "Wannan kai ta shafa, Malam. Mu dai muna son ƙirjinmu."

Ban kai ga buɗe baki ba jakin ya ɗaga wutsiya ya ba da tasa amsar, doguwa, mai karin sauti. Zauren Hajiya ya kaure da salati, faifai ya yi gabas, takalma suka yi yamma. Na yi dariya har na dafa katanga, ni da na yi kwanaki ban yi ba, da na gama kuma sai na kama kaina ina duba yatsuna.

Malanta ba ta barin mutum ya ga kuskure ya wuce. Na shiga gida-gida ina gyara. Na ce suna ne kawai, jaki ba ruwansa. Na ce ko Auta ba ta ce an tabbatar da maganar nonon ba. Duk gidan da na fita sai in ji ana cewa a bayana, "Kun ji ko, har Malama ta zo da kanta a kan maganar, ashe abin babba ne." Da na isa wurin Hajiya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "In ba ruwansa, me ya sa aka sa sunansa? Bahaushe ba ya raɗa suna a banza, ke ma da kike koyar da Hausa kin sani." Na yi mata sallama na fito.

A duk wannan hayaniya Inna ɗinkinta kawai take yi. Ba ta kare ƙirji da faifai ba, ba ta kuma daina sayen itacen dattijon ba, sai dai ta aiki Auta bakin lungu ta karɓo. Ni a lokacin hankalina na kan gyaran kuskuren jama'a, ban lura da ita ba.

Wata safiya na biya gaishe ta kafin in wuce makaranta. Ta amsa wa ƙofa kamar kullum. Na miƙe zan tafi ke nan sai na ji ta ce wa randa, "In da mai zuwa asibiti, a je a nuna musu tusan jakin nan. Tunda an ce yana da dangi, gara mutum ya san da wa yake zaune."

Allah ya gani, bakina ne ya riga hankalina. Na ce, "Ai wannan irin ba shi ne ke..."

Auta ta taka mini ƙafa, takun da sai da na yi kwanaki ina jin sa. Na haɗiye sauran maganar. A aikinmu ba abin da ya fi wuya irin ka ga kuskure ɓaro-ɓaro ka mayar da jan biro aljihu, amma na mayar. Na ce wa randar, "Akwai mai zuwa gobe."

Ranar tafiya Inna ta naɗe yatsan da farin ƙyalle har ya yi kamar kan tabarya, ta ɗaga shi sama, muka bi lungu a ƙasa mu uku. Duk ƙofar da muka wuce sai an tambaya.

"Inna, ina zuwa da sassafe?"

"Yatsa za a duba."

"Ayya, Allah ya sawwaƙe. Gara kam, tun bai hau sama ba."

Hajiya har bakin titi ta raka mu, ita ta tsayar mana da keke napep, ta kuma ja wa direban kunne kada ya bi ta inda ake ɗaure jakuna.

A babban asibiti Auta ta riga ta roƙa a haɗa mu da likita mace. Muka jira layi ya zo kanmu, muka shiga mu uku. Likitar ba yarinya ba ce, da tabarau a kan hanci, da irin fuskar nan ta wadda ta ji komai a duniya ba ta kuma gaji da ji ba. Ta ce, "Sannu da zuwa, Mama. Me ke tafe da ke?"

Inna ta warware ƙyallen a hankali, ta miƙa yatsa. Likita ta kama, ta juya shi, ta duba shi da muhimmanci kamar ba ta da wani aiki ranar. Ta ce, "Mama, tusar jaki ce. Ba wata matsala, ko yau ma ana iya ƙone ta."

Inna ta ce, "An ce yana tafiya har ƙirji."

Ina tsaye a bayan Inna, na zuba wa likitar nan ido ina ɗaga mata gira, ina gyaɗa kai, ina roƙonta da duk abin da fuska ke iya roƙo ta ce e. Ta gan ni sarai. Ta mayar da idonta kan Inna ta ce, "A'a, Mama. Irin da ke fitowa a yatsa daban ne, a yatsan yake tsayawa. Maganar ƙwayar da nono kuwa, masu bincike suna ta dubawa, har yanzu ba su ce e ba, ba su kuma rufe maganar ba. Ba zan ce miki wannan ɗan tsiron zai yi wa ƙirjinki wani abu ba, don ba gaskiya ba ne."

Na ji kamar in shaƙe ta da abin awon da ke rataye a wuyanta. Ƙofa ɗaya muka samu, ita ma jaki ne ya buɗe mana, ga mai ilimi ta sa gaskiya ta rufe. Ni da na bi lungu gida-gida ina faɗin wannan gaskiyar, yau da na ji ta a bakin wata sai na tsane ta.

Inna ta fara mayar da ƙyallen a yatsa, tana naɗawa a hankali kamar mai naɗe zare. Auta ta sunkuyar da kai. Sai da Inna ta gama ta soke bakin ƙyallen sannan ta ce, "Ai na sani, 'yar nan. Kakata da nata ta rasu, a goshi, ƙirjinta lafiya lau. Jaki kuma tun kafin a haife ki na san iyakar abin da yake iyawa."

Likita ta gyara zama tana kallonta.

Inna ta ce, "Amma ba a shiga gidan mutane ta katanga. Ta zaure ake bi, a yi sallama. To ni na yi sallama."

Likita ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Mun amsa, Mama. Shigo daga ciki."

Inna ta kai hannu bakin hijabinta, sannan ta tsaya. Ta dubi teburin likita ta ce masa, "A ce wa ta Gyallesu ta ba mu wuri."

Na fita na zauna a benci, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun, wata tsohuwa a gefena ta matsa. A nan na gane abin da Inna ta yi. Ta so zuwa, tsoro da kunya suka tare ta. Ba za ta iya ratsa lungu a ce nono za a duba mata ba, don kafin ta dawo an gama yi mata zaman makoki a baki. Da shirmen jaki ya taso, ni na ga kuskure, ita ta ga hanya. Lungu guda ya raka ta asibiti da addu'a, ba wanda ya kalli ƙirjinta. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, mu kuwa a Zariya ba rimi muka rasa ba.

Daga baya aka ce za a ɗebi ɗan nama daga ƙullin a auna. Nan ne na ɗauka za a yi rigimar ƙarfe. Auta ta ce da aka kawo allurar Inna ta ce a miƙo ta gani, ta ƙare mata kallo ta ce, "Wace irin allura ce wannan ba kafar zare? Ai wannan ko daji ya gan ta sai ya raina ta." Ta yi bisimilla ta juya kai.

Sakamako ya fito, daji ne. Ko da mutum ya shirya wa kalmar nan, in ta fito daga bakin likita sai ta dake shi. Likitar ta ce ba a makara ba, akwai abin yi, amma sai an cire nonon, a biyo baya da magani. Na bi ta har waje na tambaye ta ko ƙwayar nan ce ta jawo. Ta ce ba wanda zai iya gaya mini haka, ita ma ba za ta ƙirƙira ba. Har yau in na ga an yi rubutu a kan maganar sai na karanta, har yau kuma inda aka tsaya ke nan: wasu na zargi, wasu na cewa a ƙara dubawa. Ba ni ce zan yanke musu ba, ni da lungu guda ma ya gagare ni.

Bari in kwantar wa mai karatu hankali tun yanzu. Inna tana nan da ranta. Ta sha wuyar magani, gashinta ya zube ya sake fitowa, ta rame ta murmure, ta koma kan ɗinkinta. Da matan lungu suka ji ainihin abin da ya faru, wasu sun bi sahunta a ɓoye, kowa da nata zauren: wata ciwon kai, wata ƙaiƙayin ido. Dattijo mai itace ma ya dawo bakin aikinsa, don tsoro ba ya dafa tuwo. Hajiya tana saye, sai dai har yanzu ta gefen kan jakin take tsayawa.

Abin da ya rage in faɗa shi ne safiyar aikin. An sa wa Inna rigar asibiti, an kwantar da ita ana jiran a zo a tura gadon. Aka kira Auta waje, ya rage daga ni sai ita. Ɗakin ba turmi ba kaza, sai bango fari da ƙarfen rataye ledar ƙarin ruwa. Na zauna a bakin kujera ina jiran in ji wanne za ta zaɓa a cikinsu.

Ba ta zaɓi ko ɗaya ba. Ta juyo ta dube ni, cikin ido. Ashe idanun Inna ba baƙaƙe ba ne sosai, akwai ɗan ja-ja a cikinsu, ban taɓa sani ba.

Ta ce, "Na hagun za su cire."

Na ce, "Na sani, Inna."

Ta ce, "Ba ki sani ba. Shi ne naki. Sauran duk wanda aka ba su sha suke yi, ke kuwa in na ba ki na dama sai ki tofar, ki yi ta tsala ihu har a jiyo a zaure. Tun ran nan na san za a yi fama da bakinki." Ta ɗan yi murmushi. "A gaban mutane ba dama in ɗauke ki, sai kakarki ta kawo ki ta yi ta faɗa wai in ba ki. In ɗaure fuska in shiga ɗaki kamar an tilasta ni. Da na saki labule kuwa, ba na son ki ƙoshi."

Duk tsawon rayuwata ina neman ranar da Inna za ta yi mini magana in mayar mata, ga ranar ta zo, bakin da ta ce an yi fama da shi ya ƙi buɗuwa.

Muka ji ƙarar takalma a baranda, masu tura gado suna tahowa. Inna ta kamo hannuna ta ɗora a kan rigar, ɓangaren hagu, ta danne da nata. Na ji ɗumi, na ji taurin ƙullin, a ƙarƙashinsa kuma zuciyarta na bugawa da sauri, ita da fuskarta ba ta nuna komai ba.

Ta ce, "To, sallame shi. Ya yi miki aiki."

Na ce, "Na gode, Inna."

Ta ce, "Ba ni na ce ki gode wa ba."

Sai na sauko daga kujera, na durƙusa a bakin gadon, na kai bakina kusa da nonon, na sake faɗa.